Shekarar da Sitti ta taimake mu

Ran nan wata 'yar unguwar nan ta zauna a kan tabarmar da kuke kai, ta ce wai idan aikin kantin da take nema bai samu ba, ko raino sai ta kama. Ko raino. Na dubi farcenta zaƙo-zaƙo an shafe shi da ja, na ce Allah ya ba da sa'a. Ku a ganinku raino zama ne a inuwa, yaro ya yi kuka a jijjiga shi, ya yi barci a kwantar. To ni shekara talatin da 'yan kai na yi ina rainon 'ya'yan mutane a Sa'alaba, unguwarmu ta baƙi a nan ƙasa mai tsarki, har sunana na Zainabu ya ɓace, babba da yaro sai Dada Abu. Ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake.

Aikina na farko wankin tsumma ne. Ina da shekara goma sha uku mahaifina, wanda ɗaukar kaya yake yi a tashar jiragen ruwa, ya kai ni wurin Gwaggo Hauwa. Bahaushiyar Sudan ce, ta ƙetaro da mijinta aikin hajji, ya rasu, ta zauna. Wata uku ina gidanta ba ta bar ni na taɓa ɗan kowa ba. Tsumman da ake ɗaura wa yara shi ne rabona, in wanke, in tafasa, in shanya. Kafin in tsoma kowanne a ruwa sai na buɗe mata ta gani, ta tambaye ni na wane ne, me ya ci jiya, lafiya yake ko ciwo na tafe. In na yi kuskure ba ta duka, sai dai ta ƙara mini tsumma. Kafin watannin su cika, ina duban kashin yaro in san haƙori ne, ko ruwan da uwarsa ta ba shi a gida ba a tafasa ba. Ku da kuke toshe hanci daga nesa, a nan karatun yake.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai hindol, wato zani mai ƙarfi da ake ɗaure bakinsa biyu da igiya a rataye a azarar ɗaki, a sa jariri a ciki. Igiya ɗaya Gwaggo ke ɗaurawa a babban yatsan ƙafarta tana kaɗa hindol uku, hannuwanta suna ba wasu kunu. Akwai majanyi, da dafur, wato risho mai kananzir, da ɗan ƙaramin cokali, da randa biyu, ɗaya ta ɗanyen ruwa ɗaya ta tafasasshe, kuma wadda ta haɗa musu moɗa ta bar gidan. Lokacin babu famfo. Sakka, mai sayar da ruwa, shi ke kawo garwa biyu a sanda, da su za a yi sha da kunu da wanka da wanki na yara goma. Ɗakin kuwa na kwano ne. Da rana ta take sai mu jiƙa buhu da ruwan ɗauraya mu rataye a ƙofa, mu bi wuyan kowane yaro da hammatarsa da garin sitaci saboda ƙurajen zafi.

Akwai ranar da wani yaro ɗan shekara biyu ya haɗiye ƙwallon dabino. Ba kuka ya yi ba, shi ya sa ma na gane, domin ɗakin yara in wani lungu ya yi shiru to can za ki duba. Na same shi idanu sun fito, leɓe ya fara baƙi. Ni dai yatsa na nufi bakinsa da shi. Gwaggo ta buge hannuna, ta kifa shi a cinyarta kai ƙasa, ta doki tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau huɗu, ƙwallon ya faɗo ya gangara ƙarƙashin randa. Ta miƙo mini yaron ta koma kan kununta. Da yamma ta sa na share ɗakin da hannu, ba da tsintsiya ba, a durƙushe, don in ga abin da mai rarrafe yake gani.

Kada ku zaci matan masu kuɗi ke kawo mana 'ya'ya. Su suna da masu aikinsu a gida. Namu masu wanki ne a gidajen cikin gari, da masu sayar da gyaɗa a ƙofar makaranta, da masu shara, da masu tsince tsakuwa daga shinkafar 'yan kasuwa. Suna ajiye yara bayan asuba su ɗauka dab da magariba. Wata ta biya da 'yan ƙirshi, wato kwabbai, wata da garwar ruwa, wata da ragowar shinkafar gidan aikinta. Da idanun Gwaggo suka mutu na karɓi ɗakin, da yaran, da irin wannan biya. Ba a tara komai, amma ba mu kwana da yunwa ba.

A cikin matan akwai Kaltume. Mijinta Garba shi ma ɗan dako ne, buhunan sukari suka zubo masa a tasha, bayansa ya karye, ya kwanta bai ƙara tashi ba. Ita ke fita wanki kwana shida a mako a gidan wata Sitti Nafisa, wato uwargida Nafisa, matar wani babban ɗan kasuwa. 'Yarta Rakiya tana wata goma, ta fara kama abu tana miƙewa, wato lokacin da yaro ya fi haɗari. Kaltume ce da bakinta ta ba kukun gidan labarin ɗakina, kuku ya gaya wa Sitti, Sitti kuwa ta ce ta sami inda za ta kai zakkar mijinta. Za ta riƙa biyan kuɗin rainon 'ya'yan talakawa.

Wakilinta ya zo, wani dattijo mai tabarau, Ammu Sa'id. Motarsa ta kasa shiga lungunmu, ya tako yana ɗage riga. Ya zauna a kan akwati ya karanta mini sharuɗɗa. Yara goma sha biyu za a biya wa. Sai marayu, ko waɗanda uwarsu ba ta da miji. Kada uwar ta zama tana karɓar albashi a ko'ina, domin mai albashi ba miskiniya ba ce. Sai mai iƙama mai rai, wato takardar izinin zama wadda wa'adinta bai ƙare ba. Kuma kada a ga wani yaro a ɗakin bayan waɗanda aka rubuta, don kada kuɗin zakka ya ciyar da wanda bai cancanta ba. Na ce masa, ya Ammu, matar da ba ta zuwa aiki me za ta yi da mai raino? Ya ce shi ba shi ya tsara ba. Sannan ya faɗi abin da za a riƙa ba ni duk wata. Ban taɓa riƙe irinsa ba. Na ce na yarda.

Yara goma sha ɗaya ne a hannuna a lokacin, biyu suka tsallake. Sauran tara ni na tare uwayensu a ƙofa ɗaya bayan ɗaya na ce daga Asabar su nemi wani wuri. Kaltume ba ta yi musu da ni ba, ta je ta sami Ammu Sa'id, tana ganin ai ita 'yar gida ce. Ya tambaye ta ko mijinta yana raye. Ta ce yana raye, amma ko juyawa sai an juya shi. Ya tambaye ta ko tana karɓar albashi. Ta ce ai shi ke miƙo mata da hannunsa. Ya ce, “To halas, shi ke nan, ya Kaltum. Ke Allah ya rufa miki asiri. Ki bar wa mabukata.”

Mabukatan kuwa suka zo. Zawarawa da gwauraye masu zama a gidajen yayyensu, ana ciyar da su, ba inda suke zuwa. Sai hantsi su kawo yara, su koma su shimfiɗa tabarma, ko su tafi ziyara unguwar Mahjar. Wata ma marayun ƙanwar mijinta ta aro aka rubuta da sunanta, saboda an ce da salla za a ɗinka wa yaran kaya. Ban ga laifinsu ba, an ce kyauta ne. Sitti ta aiko da gadajen ƙarfe farare guda shida, waɗanda in rana ta yi ba mai iya dafa su, da kwalaben shan madara masu nonon roba. Ruwan da za a wanke kwalaben ne dai ba a aiko ba. Kwalaben na jera su a kan katako don masu ziyara, gadajen na mayar da su wurin shanya tsumma, yara suka ci gaba da barci a hindol.

Masu aikin da na kora kowa ta yi dabararta. Wata ta bar jariri wurin yayarsa 'yar shekara shida. Wata ta kulle nata a ɗaki da kwanon ruwa. Kaltume kuwa goya Rakiya ta riƙa yi ƙarƙashin mayafi ta shiga da ita ta ƙofar baya, domin a gidan Sitti ba a yarda ma'aikata su zo da yara ba. A saman bene ake wanki. Sai ta ɗaura wa yarinyar zani a ƙugu, ta ɗaure ɗaya bakin a sandar shanya, ta kunna dafur ta ɗora tukunyar ruwan zafi ta fararen kaya. Wata biyu tana haka. Ranar da abin ya faru an kira ta ƙasa ta karɓi zannuwan gado. Ƙullin da ta yi irin na ɗaurin kaya ne, wanda in ana ja yana saki. Yarinya ta kai ga tukunya, ta kama bakinta za ta miƙe.

Da azahar Kaltume ta faɗo ɗakina ba mayafi. Asibiti ba ta nufa ba, domin iƙamarta ta mutu tun kwanciyar Garba, tana tsoron tambaya. Ruwan ya ci yarinyar daga kafaɗar dama har yatsu, da gefen ƙirji. Ku saurara nan, domin wannan shi ne aikin. Ban cire rigar ta kai ba, almakashi na sa na yanke, inda ta manne na bar ta. Na sa Kaltume ta riƙe ta a kan tasa, na riƙa kwarara ruwan randa a hankali, moɗa bayan moɗa, har randa biyun suka ƙare, na aika aka tsayar da sakka aka ƙaro. Kafin haka mata sun cika ƙofa, kowa da maganinta. Wannan ta ce garin gahawa, wannan ta ce tumatirin gwangwani, wata ta zo da tawada, wata da toka. Na ce duk wadda ta matso da wani abu zan juye mata a ka. Na naɗe hannun da tsumma tafasasshe, yatsa kowanne daban, na goya ta zuwa wurin wani likita Ba'indiye da ba ya yawan tambayar takarda.

Kwana arba'in ina canza ɗaurin nan safe da yamma. Sai an jiƙa tsohon kafin a ɗaga, in ba haka ba ya taho da sabuwar fata. Kullum sai na miƙar da gwiwar hannun na lanƙwasa, na buɗe yatsun ɗaya-ɗaya tana ihu, don kada su warke a haɗe. Uku na ƙwato. Ƙaramin da na kusa da shi suka manne, haka suke har yau. Duk wannan a ɗakina aka yi, domin ban sake barin yarinyar ta bi uwarta ba.

Ƙarshen wata Ammu Sa'id ya zo, ya ƙirga kawuna ya samu goma sha uku. Ya ce a fitar da ta ƙarin. Na nuna masa hannun. Ya cire tabarau ya goge, ya ce la haula, ya ce amma sharaɗi sharaɗi ne, kuma Sitti da kanta za ta zo kafin azumi, in ɓoye yarinyar ranar. Na ce na ji.

Ta zo da ƙawayenta biyu, turare ya riga su shigowa. An sa wa yara sha biyun kaya iri ɗaya, an jera su a kan fararen gadajen da ba su taɓa hawa ba, suna ta kuka. Aka raba alewa, har da waɗanda ba su da haƙori. Ƙawayen suna ta masha Allah, suna cewa Sitti ta gina wa kanta gida a aljanna. Sai na shiga bayan labule na ɗauko Rakiya, ba ɗauri a hannun, na tsaya gaban Sitti. Ta ja da baya, ta sa mayafi a hanci, hawaye suka zubo mata, na gaske kuwa. Ta tambaya 'yar wace ce wannan miskiniya.

Na ce, “'Yar mai wankinki ce, ya Sitti. A nan take kafin taimakonki ya zo. A saman benenki ta ƙone.”

Ta dubi ƙawayenta, ta dubi Ammu Sa'id. Sannan ta ce, “Wa ya ba ta izinin hawa da yarinya gidana?”

A makon aka sallami Kaltume, aka haɗa mata da tsofaffin riguna biyu. Bayan salla Ammu Sa'id ya zo ya ce Sitti ta ga raino yana da yawan matsala, bana zakkar za ta tafi wajen shayar da alhazai ruwa a hanya. Na ce ta yi tunani, ruwa ba ya rarrafe. Ya sa aka kwashe gadajen. Kwalaben ya bar mini.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Ba a yi annoba ba, ba a yi gobara ba, taimako ne ya zo ya wuce. Zawarawan nan da suka ji sai an biya, a rana ɗaya suka kwashe 'ya'yansu. Na wayi gari da hindol shida suna lilo ba kowa, sai Rakiya. Na bi gidajen matan da na kora, ƙofa-ƙofa. Wasu sun sami wata mai raino a Mahjar, suna tafiya da ƙafa su kai su dawo. Wata mai gyaɗa, wadda na raini 'ya'yanta uku, ko sallamata ba ta amsa da kyau ba. Ta ce, “Mu dawo, ya Dada, sai ranar da wata motar ta sake tsayawa a bakin lungu?” Na sayar da 'yan kunnena, na sayar da hindol biyu, na koma tsince shinkafa da rana. A cikin shekarar Garba ya rasu. Kaltume ta zama ba miji, ba albashi, 'yarta marainiya. Ta cika sharuɗɗan Ammu Sa'id kusan duka, sai dai ba sauran abin da za a ba ta.

Da ta gama takaba ta dawo ɗakina da zama, ta karɓi wankin tsumma, ni ina kan yara. Sai da hajji ya sake zagayowa muka ga yaro na biyar. Mai gyaɗar nan ita ta dawo ƙarshe, ta ajiye ɗanta, ta ajiye garwar ruwa a gefensa. Daga nan duk wanda ya zo da maganar taimako, kuma sun zo, sai in ce ya tafi ya ba uwar a hannunta, ita ta san inda za ta kai ɗanta. Yawanci daga nan ba sa dawowa. Mai bayarwa yana son ya ga yara a jere.

Aikin da na fi samun kuɗi a kansa a Abhur na yi shi, wajen shekara goma bayan haka, lokacin da gari ya cika da kuɗi masu hali suka fara gina gidaje a bakin teku. Wani direba ɗan unguwarmu ya zo ya ce jikan uwargidansa, ɗan wata bakwai, yana ta zawo yana ƙin abinci, likitoci sun ba da magani, ya tsaya ya dawo. Ya ce ya ba su labarina sun ce a ɗauko ni. Sai da muka shiga gidan na ga uwargidan. Sitti Nafisa ce, ta tsufa ta yi ƙiba, tana dogara sanda. Ammu Sa'id ya rasu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ahlan ya Hajja. Ba ta gane ni ba.

Ciwon yaron ban yi rabin yini ba na gano shi. Na ce a kawo kwalbarsa, na juya nonon robar ciki waje, na sa uwarsa ta sansana. Madara ce ta kwana ta kwana a lungun robar. Yarinyar da ke kula da shi ita ce mai shara, ita ce mai guga, ita ce mai kai gahawa, ɗauraye kwalbar kawai take yi ta sake cikawa. Na jefar da kwalbar. Na tafasa ruwa da ɗan gishiri da sukari, na zauna da shi a cinya ina ɗiga masa da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan, yini guda. Rana ta uku ya karɓi kunun shinkafa. Rana ta takwas yana jan ɗankwalina yana dariya.

Ranar da zan tafi Sitti ta sa aka kawo mini shayi, ta zaunar da ni, abin da ba ta taɓa yi wa Kaltume ba. Ta tambayi unguwarmu, na ce Sa'alaba. Ta ce ai ta san wurin, ta taɓa yin alheri a can. Ta ba ni labari tiryan-tiryan, yadda ta ɗauki nauyin rainon marayu, ta sayi gadaje daga waje, amma mutanenmu ba su san godiya ba, mai rainon ta ci mutuncinta gaban baƙi saboda wata yarinya da uwarta ta yi sakaci. Ta ce ko yarinyar ta rayu ma, Allahu a'alam.

Na ce, “Ta rayu, ya Sitti. Tana makaranta, da hagu take rubutu.”

Ta ce au, na san su ke nan? Na ce mu duk mun san juna. Ta ce alhamdu lillahi, ta kurɓi shayinta, ta tambayi nawa za a ba ni. Na faɗi abin da ni kaina sai da na ji nauyinsa a bakina. Ba ta taya ba. Ta ce hannuna yana da albarka.

Da kuɗin muka ja famfo har cikin ɗaki, muka sallami sakka. Amma a ranar, da direba ya sauke ni a bakin lungu, na tarar da Kaltume a ƙofa, yaro a baya, wani a hannu. Na gaya mata gidan wa na je. Ta tambaya ko Sitti ta gane ni. Na ce ko alama. Ta ce, “Ni da na yi shekara shida ina wanke mata kayan ciki, da na je ma ba za ta gane ni ba.” Ta miƙo mini na hannun, ta ce tun safe kashinsa bai yi mata ba, in duba.